Ranar da Aka Ce Ni Na Ɗauke Sabis

Mai son fara aikin tsaron intanet a ƙauye irin namu na ƙasar Ringim, ya fara neman inda ba za a leƙa masa kwamfuta ba. Ni ban samu ba, don wutar da za ta riƙe laftof sai a shagon cajin baffana da ke bakin kasuwa.

Kayan koyon ba su da yawa: laftof mai ram giga 8, manhajar VirtualBox, da kwamfutoci biyu da ake ginawa a cikinta. Kali Linux ce mai kai hari, Metasploitable 2 kuma da gangan aka cika ta da ɓaraka don a koyi kutse a kanta. Kali na son giga 2, ɗayar rabin giga ya ishe ta. In sun ƙi tashi, yawanci VT-x, saitin da ke barin kwamfuta ta tashi a cikin kwamfuta, shi ne a kashe cikin BIOS, wato saitin tushe na laftof. Fayil ɗin Kali ya kai giga 3, sai da datar dare, kuma a gwada lambarsa ta SHA256, mai tabbatar da fayil ya zo cikakke, da ta shafin Kali, don sabis ɗinmu ya iya gutsure fayil ya ce ya gama. Uwa-uba a sa sadarwarsu a kan Host-only, wanda ke tsare su cikin laftof da adireshi mai farawa da 192.168.56. Zaɓin Bridged kuwa yana fito da su kan wayfai ɗin jama'a, bincikenka ya taɓa wayoyin mutane, dokar laifukan intanet ta 2015 kuwa ba ruwanta da "ai gwaji nake".

To ran kasuwa da hantsi na buga nmap -sV, umarnin da ke zayyana buɗaɗɗun ƙofofin kwamfuta, a kan adireshin Metasploitable. Allo baƙi, rubutu na zuba: ƙofa ta 21 a buɗe da manhajar aika fayil vsftpd 2.3.4, wadda aka san tana da ɓoyayyiyar mashiga, ga 22, ga 23, ga 80. Ina cikin jin daɗi sai sabis ya ɗauke ɗif. POS ɗin maƙwabcinmu ya tsaya, wani mai awon gero ya riƙe rigar wanda ya ce ya tura masa kuɗi. Wani yaro da ya kawo cajin wayar babarsa, tun ɗazu yana tsaye a bayana, ya ce, "Wallahi shi ne! A idona ya danna."

Kafin azahar ina tsugune gaban mai unguwa, laftof a kan tabarma.

"Ranka ya daɗe, wannan kwamfutar kanta take yi wa kutse, ba ta fita ko'ina."

"Kanta? Ɓarawon da ya fara da ɗakinsa, ina kake jin zai ƙare?"

Na shiga bayanin jarrabawar tsaron intanet ta Security+ da nake shiri: tambayoyi har 90 cikin minti 90, sai ka ci 750 cikin 900, kuɗinta kuma da dala ake lissafi. Na ce sabon shiga ba kutse ake ba shi ba. Zama yake a ɗakin sa ido, yana karanta rajistar abin da ya shiga da wanda ya fita, in ya ga an yi ta gwada kalmar sirri da tsakar dare daga baƙon adireshi, ya rubuta rahoto ya miƙa sama.

"Wato gadi."

"Kusan haka ne, ranka ya daɗe."

Ya dubi baffa da tausayi. "Duk bokon nan a gadi ya ƙare." Sannan ya yanke hukunci: in mayar da sabis kafin la'asar.

Ana kiran la'asar sabis ya dawo. Mai gadin eriya ya rantse man inji ne ya ƙare sai yanzu aka kawo, amma babu wanda ya saurare shi. An dai ga an ba ni wa'adi, an ga na cika.

Washegari gwaggona ta iso da wayarta a ƙulle cikin gefen zane. Wani ya kira ta ya ce daga ƙungiyar adashe yake, ta karanta masa lambobi shida da aka turo, yanzu WhatsApp ɗinta na roƙon 'yan uwa kuɗin asibiti. Wannan kam aikina ne. Na sake rajistar lambarta, sabbin lambobi suka zo ta saƙo, na shigar, aka fitar da ɓarawon. Sai dai ya riga ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu da lambar sirrinsa, don haka sai an jira kwana 7 kafin ta shiga.

"Kwana bakwai? Kai da ka ɗauke sabis ɗin gari guda?"

Ta tafi da ƙwan zabin da ta kawo mini, ta ce sai aiki ya kammala. Baffa kuwa da dare ya ja ni bayan shago, ya rage murya. Wanda ya ba shi bashin batirin sola zai kira ran Juma'a, yana so in ɗauke sabis daga hantsi zuwa magariba, amma in bar na POS.