Rahoton da Aka Gina da Madannin Enter

Wallahi na gaji da rahoton fasaha da ake turo mini in duba, duk an gina shi da madannin Enter da na tazara! Mutum zai fara sabon babi, sai ya yi ta buga Enter har ya sauka shafi na gaba, alhali Ctrl+Enter, mai tsallakawa sabon shafi kai tsaye, na nan a manhajar Word yana jira. Ka ƙara jimla ɗaya a gabatarwa, sai kan babi na uku ya faɗo tsakiyar shafi, jadawali ya rabu gida biyu, hoton injin ya gudu ya bar bayaninsa kamar akuyar da ta tsinke igiya. To jerin abubuwan da ke ciki fa? Da hannu aka buga shi, ɗigo bayan ɗigo, ya ce "Sakamako" na shafi na 42, ka je ka tarar da shi a na 47. Me salon Heading 1, wanda Word ya tanada don kan babi, ya yi muku ne? Kowane kan babi da girman harafinsa, wannan 14, wancan 16, wani an ja masa layi. Hoto na 5 har guda biyu, na 6 kuwa babu shi ko sama ko ƙasa, ga rubutu yana cewa "duba Hoto na 6"! Lissafi kuma hotonsa aka ɗauka da waya aka manna, ba ka bambance x da alamar sau. Danna alamar ¶ ta Word, mai nuna kowane Enter da tazara, ka ga ɓarnar da ke ɓoye, jininka sai ya hau. Sannan a ce mini, "Ɗan gyara ne, minti biyar." Minti biyar ɗin wa?