Lambar rangwame ba ita ce arha ba

Mutane da yawa a unguwannin Nima da Mamobi na birnin Accra a Ghana sun ɗauka duk sayayyar da aka yi ta intanet da lambar rangwame (lambar da ake shigarwa wajen biya don a rage farashi) an ci riba. Ba haka lissafin yake ba.

Galibin lambobin nan suna da sharaɗi: sai kin yi sayayyar da ta kai wani adadi. A ce kin shiga neman shinkafa da man girki na sidi 200, aka ce rangwamen kashi 10 sai daga sidi 300. Kika ƙara biskit da lemon kwalba don ki cike. An rage miki 30, kin biya 270, ga kuɗin mai babur da zai kawo kayan har ƙofar gida. Ina arhar?

Wanda ake cewa za a mayar miki da wani abu kuwa, sau da yawa maki ne da ba ya kashuwa sai a kantin, kuma yana da wa'adi.

Rangwame yana amfani a kan abin da dama za ki saya, kamar madarar gwangwani ko sabulu. Tumatir da garin rogo kam, ki fara jin farashin olonka (gwangwanin awo) a kasuwar Makola, inda ake ciniki har a yi miki gyara. Saƙon WhatsApp da ya nemi lambar sirrinki ta MoMo (asusun kuɗi na waya) kafin a ba ki rangwame, damfara ce.