Yalwar kayan marmari ba ta sa a ci shi

Idan muna hira a waya da 'yan'uwa da abokai, nakan lura suna ɗauka cewa duk wanda ke zaune a Turai ya gama da matsalar cin abinci mai gina jiki, tunda ga tuffa ga inabi ga lemu a jibge, rani da damina. Yalwa kam akwai ta. A nan Ingila inda nake, ko a tsakiyar hunturu za ka tarar da ayaba da abarba da aka yo jigilarsu daga ƙasashe masu zafi. Sai dai samun abu daban, cinsa daban, kuma abin da ya dame ni ke nan har na zauna yin wannan rubutu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya riƙa cin aƙalla giram 400 na 'ya'yan itatuwa da ganyayyaki kowace rana, ban da dankali da rogo da sauran saiwoyi masu sitaci. Ta kuma ƙiyasta cewa a shekarar 2017 kaɗai, mutuwar mutum miliyan 3.9 a duniya tana da nasaba da ƙarancin cin waɗannan abubuwa, galibi ta hanyar ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da wasu nau'o'in ciwon daji. Kowace ƙasa ta nemi yadda za ta isar da saƙon ga mutanenta. Ingila ta raba giram 400 ɗin kashi biyar, giram 80 kowanne, ta fara yekuwar cin biyar a rana a 2003. Amurka ta fito da hoton faranti a 2011, ta ce rabinsa ya zama 'ya'yan itatuwa da ganye. Ostareliya kuwa cewa ta yi biyu na kayan marmari, biyar na ganye, kuma ni nata ya fi kwanta mini, domin ya ware wa kayan marmari nasa kason, ba a cakuɗa shi a lissafi ya ɓace ba.

To, bayan duk wannan fafutuka, me aka samu? A Ingila binciken lafiya na gwamnati ya sha nuna cewa waɗanda ke cika biyar ɗin ba su kai kashi ɗaya cikin uku na manya ba. A Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta gano cewa a 2019 kusan kashi 12 cikin ɗari ne kawai na manya ke cin kayan marmari gwargwadon yadda aka shawarta. Ƙasashen da kantuna ba sa yankewa da kaya ke nan. Talauci yana hana wasu, a nan ma akwai shi, kuma ba na raina wannan uzuri. Amma na ga masu hali da yawa da ayaba ke baƙi a kan teburinsu har a zubar, alhali biskit ba ya kwana. Abin da ya rage a nan shi ne sabo.

Inda na fi so mu tsaya shi ne maganar jus, don a nan ake yaudarar mutane masu kyakkyawar niyya. Uwa ta saya wa yaranta kwalin ruwan lemu, ta ga hoton lemu a jiki, hankalinta ya kwanta cewa ta sauke nauyi. Idan aka matse lemu, abin da ake zubarwa shi ne faiba, wato zaren nan da ke jikin tsokarsa, wanda ke sa suga ya shiga jini a hankali, ya ƙosar da mutum, ya kuma sauƙaƙa bayan gida. Abin da ya saura a kofi ruwa ne da suga da ɗan bitamin. Kofi guda yakan cinye lemu uku, a shanye shi a tsaye cikin minti ɗaya, ba tare da an ji ƙoshi ba. Wa zai zauna ya ɓare lemu uku ya cinye da wannan saurin? Shi ya sa a ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 aka lissafa sugan jus tare da sugan da ake zubawa a shayi da kuma zuma, waɗanda aka ce kada su kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana. Sugan da ke cikin ɗan itace cikakke ba ya cikin wannan lissafi. A Ingila ma, komai yawan jus ɗin da ka sha, ɗaya kawai za a ƙirga maka cikin biyar, kuma an ce kada ya wuce mililita 150.

Wannan ya shafi masu tsoron ciwon suga, waɗanda nake jin wasunsu sun ƙaurace wa duk wani abu mai zaƙi da ya fito daga bishiya. Wani babban bincike na masanan Jami'ar Harvard da aka buga a 2013 ya nuna cewa masu yawan cin 'ya'yan itatuwa cikakku, musamman tuffa da inabi, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga nau'i na biyu ya ragu, na masu yawan shan jus kuwa ya ƙaru. Wanda ya riga ya kamu sai ya kula da yawan abin da yake ci a lokaci guda, ya bi shawarar likitansa, amma ba a ce ya daina ba.

Giram 80 ba wani abin tsoro ba ne: ayaba ɗaya ce matsakaiciya, ko tuffa ɗaya, ko lemu ɗaya, ko cikin tafin hannu na inabi. Wanda aka daskarar a firji yana cikin lissafi, haka na gwangwani muddin ba a tsoma shi cikin ruwan suga ba. Busasshe kuwa giram 30 ya isa, kuma gara a ci shi tare da abinci saboda haƙori.

Abu ɗaya da ya burge ni a nan shi ne, a makarantun gwamnati ana ba yara 'yan shekara 4 zuwa 6 ɗan itace ko ganye kyauta kowace ranar karatu. Tun harshe bai saba da zaƙin kwalba ba ake koya masa wannan ɗanɗano. Iyaye ba sai sun jira gwamnati ba; a wanke, a yanka, a ajiye inda hannun yaro zai kai, kuma ya ga babba yana ci.

Akwai waɗanda dole su yi hattara. Sinadarin fotasiyam da ke cikin ayaba da lemu yana taimakawa wajen sassauta hawan jini, amma mai ciwon ƙoda da ya yi nisa jikinsa ba ya iya fitar da rararsa, kuma taruwarsa tana iya taɓa bugun zuciya. Haka garehul, babban lemun nan mai ɗaci-ɗaci, yana karo da wasu magungunan hawan jini da na rage kitsen jini. Duk wanda ke cikin waɗannan rukunai ya tambayi likita kafin ya ƙara yawan abin da yake ci.