Ku fara zaɓar inda za ku yada zango kafin ku yi zancen kujera

Har yanzu raina bai huce ba wallahi. Duk wanda ya ga hoton nan da ƙanwata ta saka ran Talata, na Kawu kwance a kan benci a filin jirgi ya yi matashi da jakar magungunansa, ya san a kan me nake magana, ba sai na sake zayyanawa ba. Hukuncina ɗaya ne kuma ba zan sassauta shi ba: ejan ɗin, wato dillalin tikitin jirgi, da ya yanka masa tikitin nan ya cuce shi, kuma da kwaɗayin kujera ya kama shi. Dattijo mai ciwon suga, mai ciwon gwiwa, zai tafi Indiya a yi masa aiki, ka tsallake hanyar da zai sauka ya huta kaɗan ya hau na gaba, ka ɗora shi a kan wadda zai wuni ya kwana a filin jirgi, wai don jirgin can ba ya cika, za a mayar da shi bizines, wato kujerun gaban jirgi masu tsada, a kan kuɗi kaɗan. Ina tsoron Allah a nan?

Kalaman ejan ɗin ma Kawu ya maimaita mini: "Alhaji, ranka ya daɗe, da ka isa kantar kamfanin jirgin ka ƙara 'yan daloli, gaba za a kai ka, kwanciya za ka yi har Delhi." Da na same shi a waya da asuba na ce, "Kawu, yaya jikin?" sai ya ce, "Ɗan nan, ƙafar ta kumbura, takalmin ma ya ƙi shiga. Na je kantar sun ce gaban ya cika." Shi ke nan. Alƙawarin da aka gina tafiyar gaba ɗaya a kansa ya rushe da kalma ɗaya daga bakin ma'aikaciya, shi kuwa zaman jiran yana nan daram, domin shi ne aka rubuta a tikiti.

Abin da nake so ya zauna a kan kowa ke nan. Inda za ka yada zango da awannin da za ka yi a can, a rubuce suke tun ranar da ka biya. Ɗaga kujera kuwa, in dai ba ka biya an tabbatar maka a rubuce ba, fata ce kawai. Ko ta hanyar tayi ce, wadda kamfani zai aiko maka saƙo ka faɗi abin da za ka iya ƙarawa, ko da makin tafiye-tafiyenka ne, ko a kanta ne ranar tafiya, duk sharaɗinsu ɗaya: sai an sami gurbin da ba a sayar ba. Wani tikitin ma mai arahar gaske tun asali ba ya cikin waɗanda ake ɗagawa, kuma ejan ya sani sarai, don harafin ajin kuɗin yana gabansa a kwamfuta. To me zai sa mai hankali ya karɓi wahalar da ta tabbata domin jin daɗin da bai tabbata ba? Daidai yake da wanda zai tafi Legas, bai tambayi lafiyar motar ba, bai tambayi inda za a juye shi a wata ba, shi dai a ce masa wataƙila ya sami gidan gaba.

Na ga masu cewa ai kuɗinsa ne, shi ya amince. Ku bar wannan maganar. Mutumin da bai taɓa wuce Jidda ba, wa ya gaya masa abin da zai tarar? Amincewar da aka samu ta hanyar ɓoye rabin bayani ba amincewa ba ce.

Mu da muke tashi daga Kano mun san ƙofofinmu ba su da yawa. Ko Addis Ababa, ko Alƙahira, ko Jidda, in kuma ka sauka Abuja ko Legas ka ƙara da su Istanbul da Dubai. Zangon farko daga Kano zuwa Addis ko Alƙahira bai wuce awa 4 zuwa 5 ba. Na biyu shi ne mai karya baya: daga Addis zuwa Gwanzu ta ƙasar China, inda 'yan Kwari da 'yan Wambai suke sarin kaya, awa 10 ne ko fiye, kuma yawanci cikin dare. Amma sai ka ga mutum yana murna an ɗaga shi a zangon farko, ya ɗauki hoton kofin lemo da ɗan tawul mai zafi ya watsa mana, sannan ya je ya naɗe ƙafafu awa 10 a baya. Kowane zango kuɗinsa daban, ɗaga na farko ba ya bin ka zuwa na biyu. Kuma a gajeren zango sau da yawa ƙaramin jirgi ake sakawa irin Boeing 737, wanda kujerar gabansa faɗi kawai gare ta, tana ɗan kishingiɗa, ba ta zama gado. Wadda ake shimfiɗawa a miƙe sai a manyan jirage irin 787 da A350. Ejan nawa ne suke gaya wa fasinja irin jirgin da zai hau? Duk da haka, ko gadon ma aka ba ka, bai goge daren da ka yi a benci ba.

Wasu kuma sun ce ai akwai falon 'yan bizines, da abinci da wurin wanka. Haka ne, akwai. Da me ake shiga? Da takardar hawa jirgi mai nuna kai ɗan bizines ne, ko katin da ka tara maki a kai, ko ka biya. Wanda yake jiran a ɗaga shi a bakin ƙofar jirgi, a waje zai yi jiransa tare da kowa. Kawu bai ga ko ƙofar falon ba.

Ga abin da ya kamata a auna, kuma kowanne ya fi kujera nauyi. Da farko tikitin ɗaya ne ko biyu aka liƙa maka? Wannan ita ce babbar cutar da ake yi wa mutanenmu. In lambar tikitinka ɗaya ce tun daga Kano har inda za ka, jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, nauyin kamfani ne ya sa ka a wani, kuma kayanka suna wucewa da kansu. In biyu ne daga kamfanoni daban-daban, ka makara, ka yi asara, babu mai sauraronka. Sannan dole ka fita ka karɓi kayanka ka sake aunawa, fitar nan kuwa shiga ƙasar mutane ce, shiga ƙasa kuma sai da biza. Mu da muke da hazo daga Disamba zuwa Fabrairu, wanda yake hana jirgi sauka a Kano wani lokacin yini guda, mu ne za mu yi caca da tikiti biyu? Saboda hazon nan ne ma nake cewa jira na awa ɗaya shi ma ganganci ne. Filin Istanbul sabo da aka koma a 2019, tafiyar ƙafa daga wata ƙofa zuwa wata kaɗai ta isa ta cinye maka rabin awa, balle mai sanda. Awa 2 zuwa 4 shi ne daidai: ka yi alwala, ka rama sallolinka, ka ci abinci, ka miƙe ƙafa, a kira ku.

Sai maganar fasfo. Mai koren fasfo ba ko'ina yake ratsawa haka kawai ba. Nijeriya tana cikin ƙasashen da ƙasashen Turai na yankin Shengen, irin su Faransa da Jamus, suke nema wa bizar ratse ko da ba za ka fita daga filin jirgi ba, haka ma Ingila, sai in kana riƙe da wata bizar da ta ɗauke maka wannan. Amurka kuwa babu ratsewa ko kaɗan sai da biza. Mutum ya hango bizines mai araha ta Faransa ko Jamus, ya biya, a hana shi hawa tun daga nan gida. Kujerar tana can ta tafi babu shi.

In kuma doguwar jira ta zama dole, to a tambaya tun kafin a biya: wa zai ba da masauki? Ethiopian, alal misali, tana ba da otal ga wanda jiransa ya kai awa 8 zuwa 24 a Addis in ya cika sharuɗɗansu, wasu kamfanonin ma suna da irin wannan tsari. Amma a tikitinsu ne guda ɗaya, ba a haɗe-haɗen ejan ba. Addis ɗin ma tana kan tudu sama da mita 2,300, dare yana da sanyi, tsoho ya tafi da rigar sanyi a jakar hannu tare da magungunansa, kar a auna su cikin kaya. Keken tura marasa lafiya kyauta ne, ana rubuta buƙatarsa a tikiti tun daga farko. Ko wannan ɗin ejan bai rubuta wa Kawu ba. Wani ɗalibi ɗan Zariya ne, Allah ya yi masa albarka, ya riƙe shi har bakin jirgi, ya ɗaukar masa jaka.

Kar wani ya ce ina ƙin jin daɗi. Ni da kaina ina son dattijo ya kwanta ya miƙe a doguwar tafiya, jini ya zaga, ya sauka da ƙarfinsa. In da hali a saya masa tun daga gida, a zangon da ya fi tsawo, a ga an rubuta. In babu hali, a biya ɗan ƙari a kama masa kujerar gefen hanya don ya riƙa tashi yana takawa. 'Yan kasuwar da suke zirga-zirga kuma su tsaya a gida ɗaya su tara maki: Ethiopian da EgyptAir da Turkish duk 'yan ƙawancen kamfanonin jirage na Star Alliance ne, makin ɗaya yana amfani a sauran. Saudia tana ƙawancen SkyTeam, Qatar tana na oneworld. Duk wannan mai kyau ne, amma bayan an gama zaɓar zango ne. Zango tukuna, sannan kujera. Wanda ya juya maka su, aljihunsa yake dubawa.

Masu shigo mini ta akwatin saƙo kuna cewa in rufa wa ejan ɗin asiri, ai na rufa, ban kira sunansa ba kuma ba zan kira ba. Amma zan je ofishinsa da kaina, ni da ɗan Kawu, mu zauna ya sake tsara hanyar dawowa, don ba za a ɗora wanda aka yi wa aiki a gwiwa a kan wannan bencin karo na biyu ba.

Wani abin ma da yake ci mini tuwo a ƙwarya, me ya sa zaɓinmu ya ƙuntata haka? Tun a watan Nuwamban 1925 jirgin sama ya sauka a Kano, jiragen sojan Ingila da suka taso daga Masar. Iyayenmu sun ga lokacin da ake tashi daga nan kai tsaye zuwa Turai, KLM ta ƙasar Holan ta yi shekaru masu yawa tana zuwa kafin ta janye a 2012. Yau ɗan kasuwar da yake cika kwantena, da ɗalibi, da marar lafiya, da yawansu sai sun fara biyan jirgin Abuja ko Legas, su kwana a otal, kafin tafiyar gaske ta fara. Fasinja muna da su, ku je filin jirgin Malam Aminu Kano lokacin Umarar azumi ku gani. Sanatocinmu uku da 'yan majalisar wakilanmu 24, da shugabannin kasuwanninmu, wa ya taɓa jin sun haɗu sun zauna da kamfanonin nan a kan dawo da hanyoyin Kano? In akwai wanda ya yi, ku nuna mini shi, zan yi masa rubutu na musamman.