Kapadokiya: siminti ba zai ceci duwatsu masu hula ba

Duk wanda ya ga hoton Kapadokiya, a tsakiyar Turkiyya, ya ga dogayen ginshiƙan nan masu kama da rumbu, kowanne da hular dutse a ka. Turkawa na ce musu bututun aljanu. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa yankin Goreme na Kapadokiya cikin wuraren tarihi na duniya a 1985, kuma har yau ana muhawarar yadda za a hana su rushewa. A ganina, hana su rushewa ba zai yiwu ba; abin da ke hannun mutum shi ne kada ya gaggauta rushewar.

Miliyoyin shekaru da suka wuce, aman wuta ya shimfiɗa toka mai kauri, ta daskare ta zama dutse mai laushi wanda ko ƙaramar wuƙa na kankarewa. Wani dutse mai tauri ya rufe ta. Ruwan sama ya bi tsagogi yana cin mai laushin, sai inda hula ta yi laima ya tsira. Wato zaizayar da ta sassaƙa su ita ce ke cinye su. Wuyan ginshiƙi na sirancewa har ya kasa ɗaukar hula, kuma da zarar ta faɗi, saura ya fara narkewa da sauri.

Hunturu ya fi ɓarna. Ruwa ya shiga tsaga, dare ya yi ya zama ƙanƙara, ya kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya buɗa tsagar. Haɗarin ruftawa ne ya sa aka kwashe mutanen ƙauyen Zelbe da ke yankin daga gidajensu na cikin kogo a farkon shekarun 1950.

Kuskuren da ake yawan yi wajen gyara shi ne liƙe tsaga da siminti. Siminti ya fi dutsen tauri, ba ya barin laima ta fita, ga gishiri da yake kawowa. Ruwa ya taru a bayansa, dutsen ya ruɓe, facin ya ɓalle da fatar dutsen gaba ɗaya. Kwaɓin farar ƙasa da garin dutsen wurin ya fi dacewa, don yana numfashi, kuma shi ke fara lalacewa kafin dutsen.

Masu sukar yawon buɗe ido kan ɗora laifi kan manyan balan-balan da ke tashi da baƙi, alhali su a sama suke. A duba ƙasa: babura masu ƙafa huɗu da ke tona hanyar ruwa a gindin ginshiƙai, da otal-otal na cikin kogo, inda famfo ɗaya mai yoyo zai jiƙa bango shekara guda ba wanda ya lura.