Matasa, kafin ku ɗaga tutar wani ku karanta labarin Filifin

'Yan uwana matasa, na gaji da ganin yadda muke raba kanmu a Facebook, wannan ɗan Amurka, wancan ɗan Rasha, wani kuma China ce uwa da uba. Har zagin iyaye ake yi saboda ƙasashen da ba su san da zamanmu ba. Don Allah ku ɗan ajiye musun nan, ku ji abin da ya sami mutanen Filifin.

Sifaniya ta mulke su sama da shekara 300. A 1896 suka tayar mata da bore, daga baya jagoransu Emilio Aguinaldo ya koma zaman gudun hijira a Hong Kong. Ana cikin haka yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Sifaniya a 1898, a kan Kuba. Ranar 1 ga Mayu jiragen ruwan Amurka suka ragargaza na Sifaniya a gaɓar Manila, kuma a jirgin Amurka aka dawo da Aguinaldo gida. Shi dai ya ce jami'anta sun yi masa alkawarin 'yanci, su kuwa suka ce ba a yi haka da su ba. Magana ce ta fatar baki, ba takarda ba sa hannu.

Mutanensa suka yi yaƙin ƙasa, suka kewaye Manila, suka ayyana 'yancin kai ranar 12 ga Yuni. To ku dubi abin da aka yi musu a watan Agusta. Sifaniyawa da Amurkawa suka shirya a asirce, aka ɗan yi harbe-harben ganin ido, aka miƙa birnin ga Amurka, mayaƙan da suka zubar da jininsu kuwa aka tare su a bakin gari. A Disamba aka sa hannu a kan yarjejeniya a Paris. Amurka ta biya dala miliyan 20 ta karɓi Filifin, ta haɗa da Puerto Rico da Guam. An sayar da ƙasa da mutanenta, wakilin da suka tura ko kujera ba a ba shi ba. An yi gudun gara an tadda zago.

A Fabrairun 1899 abokan jiya suka juya wa juna bindiga. Farar hula aƙalla 200,000 suka mutu, akasari saboda yunwa da annoba. A tsibirin Samar, Janar Jacob Smith na Amurka ya ba da umarnin a kashe duk wanda ya haura shekara goma. A kudu inda Musulmi suke, cikin Maris 1906, sojoji suka hau dutsen Bud Dajo a tsibirin Jolo suka hallaka ɗaruruwan mutanen da suka fake a can, har mata da yara.

Ban kawo wannan don ku koma zagin kowane Ba'amurke ba. A cikinsu akwai waɗanda suka kafa ƙungiya tun 1898 suna adawa da wannan mamaya, har da attajirin nan Andrew Carnegie. Kuma halin ba na Amurka kaɗai ba ne, duk ƙasar da ta yi ƙarfi lissafin kanta take yi.

Shi ya sa nake roƙonku, in kun ji an ce wata babbar ƙasa ta zo taimako, ku tambayi abin da aka rubuta. Me ta karɓa? Na shekara nawa? Wa ya zauna a teburin? Lokacin da sojojin Amurka suka bar sansaninsu na Agadez a 2024 an yi ta murna, kuma ba laifi. Amma cikin masu murnar, mutum nawa ne suka nemi sanin sharuɗɗan da aka yi da waɗanda suka shigo daga baya? Wanda yake da datar yin musu har tsakar dare yana da ta karatu.

Ku sani kuma shigowa ba ta da wuya, fitar ce aiki. Sai 4 ga Yuli 1946 Filifin ta samu 'yanci, a 1947 ta sa hannu da Amurka a kan yarjejeniyar sansanonin soja ta shekara 99. Sai a 1991 majalisar dattawanta ta ƙi amincewa da sabuwar yarjejeniya, sojojin ruwan Amurka suka bar sansaninsu na Subic a 1992.