Malaman kimiyya, ku fito da yara fili su harba roka

'Yan'uwa malaman firamare da sakandare, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Yaro yana haddace sunayen duniyoyi takwas ya ci jarrabawa, amma bai san Zara, wadda kakarsa ke kira matar wata, tana cikinsu ba. Kukan da muke yi na rashin ɗakin gwaji ba zai wanke mu ba, domin rokar ruwa ba ta buƙatar komai sai tarkacen da ke kowace unguwa.

A samo gorar roba ta lemo mai gas, mai cin lita ɗaya da rabi ko biyu. Ban da gorar ruwan sha, jikinta sakayau ne, tana iya fashewa. Kwalba kuwa kada ma a kusance ta. A zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, a toshe bakin da toshiya mai kamawa sosai, wadda aka soka wa allurar hura ƙwallo, a haɗa da famfon keke. A manna fikafikai uku na kwali kusa da bakin, a liƙa ɗan curin yumɓu a gindin gorar, domin idan an kife ta nan ne zai zama kan roka. Sai a kife ta, a yi ta bugun famfo har iska ta fatattaki toshiyar. Ruwa ya yi ƙasa, gora ta yi sama: ga dokar Newton ta uku, wadda ta ce duk abin da ka tura shi ma yana tura ka baya da ƙarfi daidai, yara sun gani da idonsu.

Darasin yana wurin da abin ya ƙi, don haka kada ku yi saurin gyara musu. In ruwa ya yi yawa, nauyi zai danne ta. In ya yi kaɗan, zai ƙare kafin ta samu gudu. In tana wuntsila-gudi-gudi a sama, kan bai da nauyi ko fikafikan sun karkace. In toshiya na tsiyaya, a naɗe ta da salatif. Ku bari su canza abu ɗaya kawai a kowane harbi, su rubuta.

Su kuma auna nisan da ta yi a sama da agogon waya: daƙiƙun da ta yi daga tashi zuwa faɗuwa, a ninka su da kansu, sannan da 1.2. Daƙiƙa 4 kusan mita 19 ke nan, ko da yake iska tana ɗan sauya lissafin.

Yara su ja baya aƙalla mita 5, kada kowa ya leƙa kan gora ana hura ta, ko da ta ƙi tashi.

Bayan nan ne labarin NigeriaSat-1, tauraron ɗan'adam na farko na Najeriya, wanda aka harba daga Rasha a 2003, zai shiga kunnensu. Makon Sararin Samaniya na Duniya yana kamawa daga 4 zuwa 10 ga Oktoba, sai ku nemi izinin hedimasta da filin ƙwallo tun da wuri.